Mutumin Yumɓu a Sonapur

Littafin ba shi da bango. A saman kwabar ɗakinmu na unguwar Al Muraqqabat a Dubai na tsince shi, ranar da nake neman inda zan cusa akwatina. Ƙura ta lulluɓe shi, shafukan farko kuma sun tafi tare da wadda ta bar shi. Har yau ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta shi ba, ban kuma taɓa nema ba. Da Turanci yake, labarin Yahudawan wani birni ne a ƙasar Turai lokacin babban yaƙin duniya.

A kantin magani nake aiki, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga. In na dawo sai in haye gadona na sama, domin gadajenmu irin na 'yan makarantar kwana ne, in buɗe littafin in manta da ƙafafuna. Wata Hajiya 'yar Kano da ke sauka a ɗakin kusa da namu duk lokacin da ta zo saro takalma ta taɓa leƙowa ta tambaye ni abin da nake karantawa haka ba ji ba gani. Da na gaya mata sai ta riƙe baki.

"Yahudawa? A wannan zamanin da muke ciki? Ke kuwa duk littattafan duniya."

Na ce, "Hajiya, yaran da ke cikin littafin nan da waɗanda muke gani a waya muna kuka, yunwarsu iri ɗaya ce."

Ta taɓe baki ta koma ɗaure kayanta. Ni ma ban ƙara ba, don ba na iya gardama a hankali, in na fara sai an riƙe ni.

Ga yadda labarin yake. Sojoji sun tattara Yahudawan birnin a unguwa guda, sun zagaye su da katanga, ba shiga ba fita. A wani lungu akwai wata tsohuwa, matar malaminsu da ya rasu. Da yunwa ta fara ɗaukar yara, sai ta tuna wata tatsuniyarsu ta kaka da kakanni, wadda ta ce in wuya ta kai wuya ana iya gina mutum da yumɓu, a rubuta wani ɓoyayyen suna a 'yar takarda a sa masa a ƙarƙashin harshe, ya tashi ya yi wa jama'a aiki. Ta kwaɓa yumɓun bakin kogi, ta gina shi, ya kuwa tashi. Ba ya ci, ba ya barci, ba ya magana. Shi ke tsallaka katanga ya shigo da gari da gawayi, shi ke goya yara ɗaya bayan ɗaya ya fitar da su daji. Sharaɗi guda ne: duk yammacin Juma'a sai wadda ta gina shi ta kira shi da sunan nan ta zare takardar, ya kwanta ya huta ranar Asabar. Ita kaɗai za ta iya, ba wani ba.

Ban yi nisa ba na ga fuskar da nake sa wa mutumin nan a raina. Fuskar yayana ce.

Yaya magini ne tun a Kano. Da mahaifinmu ya rasu shi ya ɗauki gidan, daga baya ya taho Dubai aikin gini, ya fi shekara goma yana kwana a Sonapur, unguwar da kamfanoni ke jibge ma'aikatansu a bayan gari. Karatun da na yi har na iya tsayawa a bayan kanta da farar riga, daga guminsa ya fito. Shi ne ɗan fari, ni ce auta, kuma da Auta yake kirana ko a gaban wa.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai sha wahalar gane abin da ke tsakaninsa da Inna. Ita mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari a jininta take. Ga shi kuma sunan surukinta aka sa masa, abin ya zama biyu. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanku". Ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallon idonsa. Muna yara mun ɗauka ba ta son sa, sai da na yi wayo na lura duk tsokar da ta fi kyau a miya ni ake miƙa wa a ce, "Kai wa wancan." Ranar da zai taho ta tsaya a bayan ƙofa tana kallon bango, ta ce, "Je ka, Allah ya tsare, Allah ya yi albarka." Wannan ita ce magana mafi tsawo da na ji ta yi masa.

Ranar Lahadi yake hutu. Yakan hau bas daga Sonapur mu haɗu a bakin ruwan Deira, mu shiga abra, ɗan kwalekwalen katakon nan da ke tsallaka mutane zuwa Bur Dubai, mu sami inuwa a bayan kasuwar yadi. Ina kawo masa shinkafa da wake da mai da yaji a kula, domin ya ce abincin kamp ya sa ya manta ɗanɗanon bakinsa. Yaya ba mai magana ba ne. In ba ni na cika wurin da surutu ba, sai mu yini muna kallon jirage. Wata Lahadi da surutuna ya ƙare na fara ba shi labarin littafin.

Da na kai wurin gina mutumin ya ajiye cokali. "Astagfirullah. Auta, Allah kaɗai ke halitta."

"Tatsuniya ce, Yaya, irin tamu ta dodanni."

"To, a ce tatsuniya." Da na faɗi zancen takardar ƙarƙashin harshe sai ya yi 'yar dariya. "Ashe su ma suna laya."

Daga nan ya zama shi ke tambaya. Kafin in buɗe kula zai ce, "Yalla, ina aka kwana da mutumin naki?" Tambayoyinsa na magini ne. Yumɓun an sa masa ciyawa ko tsura ne? An bar shi ya sha iska kafin ya tashi? Na ce littafin bai faɗa ba. Ya girgiza kai ya ce in dai tsura ne zai tsage, ko yau ko gobe.

Ya kuwa tsage. Yaƙi ya tsananta, aiki ya yi yawa, wata Juma'a tsohuwar ta dubi yaran da suka rage ta ce a bari sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa ma haka. Ba mugunta ba ce, ba wanda ke da halin ya bar shi ya huta. Tsaga ta fara daga diddigensa tana hawa, yana tafiya ƙasa na zuba a bayansa, mutanen lungu suna gani suna kawar da kai domin suna bukatarsa.

Akwai wurin da ya fi tsaya mini a rai. Idinsu ya zo, wanda suke tunawa da ranar da Annabi Musa ya fitar da kakanninsu daga hannun Fir'auna. Al'adarsu a ranar su ci gurasar da ba ta kumbura ba, su bar ƙofa a buɗe, ƙaramin yaro ya yi tambaya manya su ba shi labarin yadda aka bautar da su ana sa su buga tubali, da yadda suka sami 'yanci. Mutanen lungu suka taru a ɓoye suka yi. Mutumin yumɓu na tsaye a bakin ƙofa da buhu a kafaɗa. Sai wata 'yar yarinya ta nuna shi ta ce, shi fa, an fitar da shi ko yana can har yanzu? Ba wanda ya amsa mata.

Na gama na dubi Yaya, ina jira in ga ko abin ya taɓa shi yadda ya taɓa ni. Kallon ruwa yake yi. Can ya ce, "Yara ba su da ta-ido," ya ci gaba da cin abincinsa. A ranar na lura ya taka bayan takalminsa, domin ƙafarsa ba ta shiga.

Ni mai sayar da magani ce, na san abin da kumburin ƙafa ke nufi ga mutumin da ya shekara goma yana ɗaukar bulo a zafin garin nan, yana shan ƙwayar ciwon jiki kamar gyaɗa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi barazanar daina kawo abinci. Ya ce tsayuwa ce kawai. Na ce ya ajiye aikin ya koma gida, ni ma yanzu ina aiki, zan riƙe abin da zan iya.

"Inna ta ce in dawo?"

"Yaya, ka san ba za ta iya faɗa ba."

"To, khalas, shi ke nan."

Ba taurin kai ba ne kawai, ko da yake yana da shi har ya yi kyauta. A wurinsa Inna ce ta ce ya je, da albarkarta ya fito, kuma bai ga yadda zai kwashi jiki ya koma ya zauna mata a tsakar gida ba tare da ta ce ya isa ba. Ga 'yan'uwanmu biyu ba su gama makaranta ba, ga rufin ɗakinta da ya ce sai ya sauya kafin damina. Shi ba zai ce mata ba shi da lafiya ba, don kada ya tayar mata da hankali. Ita ba za ta ce ta yi kewarsa ba, don uwa ba ta faɗin haka a kan ɗan fari. Ni ce a tsakiya kamar tabarmar da ake ja ta gefe biyu.

Na kira Inna na ce jikin Yaya ba daɗi. Ta ce, "Ki ce masa gida na nan." Na kai masa. Ya ce ai ya san gida na nan, ba a ce masa ya tashi ba. Lahadi ta gaba na kira ta muna zaune a bakin ruwa, na manna masa wayar a kunne kafin ɗayansu ya gudu. Ina jin muryarta.

"Ya aiki?"

"Alhamdulillahi, Inna."

"Ya zafi?"

"Da sauƙi."

"To madalla. Ba ni Auta."

Ranar na ji haushinsu su biyun har na kasa cin abinci. Na ce masa shi da Inna sai su kashe mutum da kawaici. Ya ce in rage murya, Indiyawan da ke gefe suna kallonmu.

A wannan haushin na ƙarasa masa littafin. Ƙarshensa, an fitar da yaro na ƙarshe daga lungun, sojoji na tafe za su kwashe waɗanda suka rage. Tsohuwar ta zaunar da mutumin yumɓu a gabanta, ta shafa fuskarsa, ta kira shi da sunan nan da babbar murya, ta zare takardar. Ya sauke buhunsa, ya kwanta, ya koma ƙasa. Marubucin ya ce a duk unguwar shi ne na farko da ya fita ba tare da ya tsallaka katanga ba. Ni kam na yi kuka a wurin, kuma da gayya na ba shi labarin, na ce, ka ga, 'yanci ke nan, a kira ka a ce ya isa.

Yaya ya goge hannunsa da takarda a hankali. "Tsagar ta kai ina lokacin?"

Na ce ta kai ƙirji.

"To ai shi ya sa. Ba ta kira shi ba sai da ta ga ya gama. Da da saura a jikinsa, da ta bari sai wani mako." Ya ɗauki kula ya miƙo mini. "Ba laifinta ba ne. Uwa ce, ta san abin da ta gina."

Na ce ya ɓata mini labari, ban kuma sake tunanin maganar ba.

A tsakiyar zafi ya faɗi a wurin aiki. Wani ɗan Nijar da suke ɗaki ɗaya ya kira ni da rana tsaka, yana haɗa Hausa da Faransanci don ruɗewa. Na same shi a asibiti an jona masa robobi, fuskarsa ta kumbura har sai da na duba sau biyu. Bayan kwanaki likita ya zo ya tsaya a kansa ya yi bayani da Turanci. Turancin Yaya na wurin gini ne, kawo, ɗauka, jira, saboda haka ni ce tafinta. Likita ya ce ƙodojin duka sun tafi, zuciyar ma ta raunana ƙwarai, wankin ƙoda zai ɗan ja lokaci amma kada mu sa rai da nisa, in yana da iyali gara ya kasance kusa da su.

Yaya ya dube ni. "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce da sauƙi. Sai dai kana bukatar hutu mai tsawo, gara a gida."

Haka muke yi, ba a gaya wa mara lafiya irin wannan magana a fuskarsa. Na yi abin da Inna za ta yi, da abin da shi kansa zai yi in ni ce a kwance. Amma sai ya ɗauki sauƙin ya bar hutun. Ya ce in dai da sauƙi, zai roƙi fomansu ya mayar da shi gadin sito, aikin zama ne, ya ƙarasa shekarar. Har ya fara tambayata ko an kawo masa takalmansa na aiki.

Na fita baranda na kira Inna. Ban yi mata kara ba ko kaɗan. Na faɗa mata abin da likita ya faɗa kalma bayan kalma, na ce ba zai taho ba sai ta ce, kuma ba ta bakina ba. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, amma kunyar nan za ta sa a binne shi a nan. Ki kira shi da sunansa ki ce ya dawo, don ya san da gaske kike." Ban taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba. Na duba ko layin ya yanke. Ina jin kaji a bayanta, da wani mai tallan kalanzir yana wucewa.

Ta ce, "Kai masa."

Na koma na sa masa wayar a kunne, na riƙe, domin hannunsa na da allura. Ya yi sallama, ya fara gaisuwar da suka saba. Ba ta amsa gaisuwar ba. Sunansa ta kira, cikakke, yadda liman ya raɗa masa. Ya fito daga bakinta a karkace, kamar mai taka sabon takalmi. Ta sake kira. Sannan ta ce, "Ka dawo gida. Ya isa haka."

Ya ce, "Na'am, Inna. To, Inna." Ita ta kashe wayar.

Ni murna nake yi, Allah ya sani. Na ɗauka na yi abin da ya gagari kowa a gidanmu. Na fara zancen tikiti da wanda zai tarye mu a Kano da irin abincin da zai riƙa ci. Yana kallon ƙafafunsa da suka ɗaga bargo. Da na gaji na yi shiru sai ya juyo.

"Auta, kin gaya mata abin da ba ki gaya mini ba."

Na ce ba haka ba ne.

"Shekara arba'in da wani abu matar nan ba ta kira ni ba. Ranar da na faɗo daga kan gini a Kano ba ta kira ni ba. Ranar da Baba ya rasu ba ta kira ni ba." Muryarsa ba ta tashi ba, kamar yana gaya mini kuɗin bas. "Ta kai ƙirji ke nan. Zauna ki maimaita mini maganar likitan nan, wannan karon da Hausa sosai."

Na zauna a bakin gadon na maimaita. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, yadda yake sauraron labarin a bakin ruwa. Da na gama ya yi salati, ya ce in gaya wa ɗan Nijar ya haɗa masa jakarsa, takalman aikin kuma ya riƙe, sun yi masa daidai.

Na raka shi gida a keken marasa lafiya. Inna ta sa an shimfiɗa masa a ɗakinta, ƙarƙashin rufin da bai samu ya sauya ba, ita ke ba shi kunu da hannunta. 'Yan'uwana sun ce ba ta sake kiran sunan ba, ta koma "wancan" tun washegari, shi kuma ya fi sakewa da hakan. Bai ga ƙarshen damina ba.

Na dawo bakin aikina, don yanzu gidan a wuyana yake. Littafin na mayar da shi saman kwaba inda na same shi. Ranar Lahadi wani lokaci nakan shiga abra ni kaɗai in tsallaka in dawo, ba na sauka. Har yau ban yanke wa kaina ko daidai na yi ba. Ya mutu a gida, kusa da uwarsa, abin da na nema ke nan. Amma ni na gan shi da idona lokacin da sunan ya shiga kunnensa. Duk rayuwarsa yake jiran ya ji shi daga bakin nan, da ya ji kuma bai samu ko minti ɗaya na jin daɗinsa ba.